Randar da Na Hana Gumi

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, kuma duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Maiduguri ya san abin da nake nufi. Tun hantsi ƙarfen ƙofa yake fara ƙin hannu. Zuwa azahar Bulumkutu gaba ɗaya sai ta yi tsit, masu Keke Napep su fake a gindin dogon yaro su miƙe ƙafa, awaki su manne da katanga suna haki. Wutar lantarki ta daɗe da manta hanyar layinmu, don haka gidana da sola yake rayuwa: fanka biyu, ƙwan fitila huɗu, da wani ɗan firji. Firjin nan ba don ruwan sanyi na saye shi ba. Ciwon suga gare ni, gadon mahaifiyata, kuma a cikinsa nake ajiye maganin allurata.

Kwana shida a jere, da zarar ƙarfe biyu ta yi, sai inbata, na'urar da ke ba gidan wutar solar, ta yi wani fito ta ɗauke. Firji ya mutu, fanka ta tsaya. Ba za ta dawo ba sai la'asar sakaliya. A rana ta bakwai na kira 'yata Yagana, wadda haɗa sola shi ne sana'arta. Ta zo da jakar kayan aikinta a kafaɗa, leɓenta a bushe, ta gaishe ni ta gaishe da uwarta, ta ce, "Baba, ina inbatar take? Ai a jikin bangon nan na kafa ta."

"Tana nan a ɗakinta," na ce, ina nuna mata da alfahari.

Ni mai fenti ne. Shekara arba'in ina wannan sana'a, kuma idona ba ya jure ganin abu tsirara. Inbatar nan kuwa ba ta da kyan gani ko kaɗan, ga wayoyi sun yi mata cirko-cirko. Shi ya sa ana gobe azumi na sa kafinta ya haɗa mata akwatin katako, a rufe ruf ko ƙura ba ta shiga, na shafe shi da shuɗi, na zana furanni a murfin. Yagana ta buɗe murfin, wani hucin zafi ya bugo mata fuska har ta ja da baya.

"Baba! Dafa ta kake yi?" Ta kama hannuna ta kai bayan na'urar. "Ka ga waɗannan faifayen alminiyam ɗin, jere kamar haƙoran matsefi? Aikinsu kenan, su tsotse zafin da ke cikinta su miƙa wa iska. Ga 'yar fanka nan tana hura su. To ka toshe ta ko'ina, iskar ta ina za ta shiga? Zafin ta ina zai fita?"

Sai ga matata Asabe ta tsaya a bakin ƙofa da ludayin kunu a hannu. Ta dubi akwatin, ta dubi furannin, ta dube ni.

"Malam," ta ce, "ka sake?"

Shekara talatin da 'yan kai ke nan rabon da azumi ya zo daidai wannan lokaci na shekara. A wancan karon muna Gwange, a gidan haya mai ɗakuna huɗu da bishiyar dogon yaro guda a tsakar gida. Na zo daga Kano neman aiki, aikin ya karɓe ni, na koma na ɗauko Asabe. Da mahaifina ya rasu sai na ɗauko Inna ma, don ni ne autanta, kuma idonta ya fara dushewa. Ba ta yi wata uku a garin ba aka gano suga ne yake cin ta. A babban asibiti aka ce ƙwaya ba za ta riƙe ta ba, sai allura safe da yamma. Wata nas ta koya mini yadda ake tsirawa a cinya, ta ɗaga 'yar kwalbar maganin a gaban idona ta ce, "Wannan ba ya son zafi. In kuna da firji, to. In ba ku da shi, ku nemi randa."

Firji kuwa a layinmu kaf guda ɗaya ne, a gidan wani ɗan kasuwa, shi ma rabin kwanakin wata a mace yake. Saboda haka maganar ta koma hannun mai gidan da muke haya, Ya Falmata.

Ya Falmata dattijuwar Barebari ce, doguwa, baƙa, mai zane a kumatu da ƙamshin turaren wuta da yake riga ta shiga ɗaki. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta, har Inna. Ni kuma ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "Afuno", wato Bahaushe. Ita ta ja ni zuwa wajen masu tukwane. Na nuna wata randa mai sheƙi, ja jawur, ta ture hannuna. Ta riƙa ɗaukar ƙanana ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da zobenta tana saurare. Wadda ta yi mata, sai na ga ta sunkuya ta ɗora harshe a jikinta. Harshen ya manne.

"Wannan yana da ƙishirwa," ta ce. "Shi za mu ɗauka."

Muni gare ta, Allah ya sani. Gefe ɗaya wuta ta ƙona ta ta yi baƙi, bakinta a karkace, jikinta kaushi. Ya Falmata ta sa aka zuba yashin kogi a wani tsohon kasko a gindin dogon yaro, daidai inda iska ke ratsowa daga zaure, ta dasa randar a kai. Kwalbar magani muka sa a gwangwani mai murfi, muka ɗaure da zare, muka zura cikin ruwan, aka rufe da faifai. Da safe in na tsoma hannu sai sanyin ya kama ni har gwiwar hannu. Ban taɓa tambayar kaina daga ina sanyin yake zuwa ba. Randa ce, sanyi aikinta ne, iyakar abin da na sani ke nan.

Haka muka shiga azumi. Asabe tana da cikin fari wata bakwai, duk da haka ta ce sai ta yi. Ranakun duk kamarsu ɗaya. Bayan asuba in yi wa Inna allura, in hau keke in tafi wurin aiki tun da sauran sanyi, don da rana ta take, fenti a kan buroshi yake bushewa kafin ya kai bango. Da azahar in dawo in tarar mata sun baje a gindin bishiya, kowacce ta jiƙa zani ta lulluɓa, kafin ta gama salati ɗari ya bushe ƙayau, ta sake jiƙawa. Rufin ɗakunanmu kwano ne ba silin, yana ƙara ƙas-ƙas shi kaɗai saboda zafi, ba mai iya zama a ciki sai Inna, wadda kunya ke hana ta kwanciya a gaban mutane. Famfo ya ƙafe, sai mai moya, wato mai ga-ruwa, da kurarsa, kuma shi ma sai ka tare shi tun daga bakin titi. Da la'asar a jiƙa tsamiya a dama ardeb, a soya ƙosai, ƙamshin ya cika gida. A lokacin ne kuma dogon yaro yake fure, ƙananan farare, suna zubowa a kan faifan randa. Har yau in na ji ƙamshinsu maƙogwarona bushewa yake yi.

Inna likita ya hana ta azumi, kuma wannan ya fi ciwon kansa yi mata zafi. In Asabe ta kai mata abincin rana sai ta juya wa ƙofa baya ta ci, kamar mai sata.

Ran uku ga wata aka aiko wa Ya Falmata cewa 'yarta ta haihu a Dikwa. Ta ɗaura kaya, ta tsaya a kan randa ta shafa jikinta, ta ce mini, "Afuno, safe da yamma ka zuba ruwa a yashi. Kada ka taɓa komai."

Da ta ce kada in taɓa komai, da kunne ɗaya na ji.

Abin da ya dame ni shi ne randar nan kullum a jiƙe take. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, gansakuka ta fara kama gindinta, wani farin gishiri-gishiri ya zagaye cikinta. Kullum sai na ƙara mata kusan moɗa uku, a lokacin da ruwa ke wahalar samu. A idon mai fenti wannan sunansa yoyo, kuma bango mai yoyo na san maganinsa. Ga shi a makon nan na gama aikin gidan wani Alhaji a Moduganari, aka bar mini ragowar fentin mai, kore da fari da ɗan ja. Sai na ce a raina, maganin uwata guda a cikin wannan mummunar aba? Bari in yi mata abin da za ta yi alfahari da shi.

Ran Juma'a na juye ruwan, na ɗora gwangwanin magani a kan kanta a ɗakin Inna, na shanya randar a rana har ta bushe. Na goge ta da samfefa. Na yi mata shafe na farko, na jira, na yi na biyu, na yi na uku, ciki da waje, don kada ko ɗigo ya sake fita. Asabe tana zaune tana tsince shinkafa, ta ce, "Malam, anya ana yi wa randa fenti kuwa?"

"Ke dai tsaya ki ga aiki," na ce.

Kuma ta ga aiki. Kore shar, da zobe fari a wuya, da jajayen furanni guda bakwai. Kwana biyu tana bushewa, kwana biyun nan magani yana kan kanta a ƙarƙashin kwano. Da ta bushe sai na ga ai irin wannan ba a barin ta a waje tsuntsaye su ɓata, na kinkime ta na kai ɗakin Inna, na ajiye a lungu bayan ƙofa, na cika ta da ruwa na mayar da gwangwanin magani ciki. Na kama hannun Inna na ɗora a kai. Ta shafa ta sama da ƙasa, ta daɗe tana shafawa.

"Santsi," ta ce. "Auta, kai ka yi wannan? Allah ya yi maka albarka."

Ranar na yi buɗa-baki da daɗin rai. Randa ta daina shan ruwa, moɗa ukun nan ta huta. Da na tsoma hannu na ji ruwan da ɗumi-ɗumi, sai na ce bazara ce ta kai maƙura, kowa ma haka yake fama.

Abin ya fara a hankali. Inna ta riƙa neman ruwa, ta sha kofi ta ce a ƙara. To a watan azumi, a garin da kowa harshensa ya zama kamar busasshen fata, wa zai tsaya mamakin mai jin ƙishirwa? Sai yawan zagayawa. Asabe ce ta fara lura tururuwa suna taruwa a makewayi duk inda Inna ta tsuguna. Sai rama, idonta ya faɗa, zaninta ya riƙa kwancewa. Ni kuwa ban fasa allura ba ko sau ɗaya, safe da yamma, daidai layin da nas ta nuna mini. Ina tsira mata ina ce mata, "Inna, sauƙi yana nan tafe."

Ita ta riga ta yanke wa kanta hukunci. Wata yamma bayan an sha ruwa ta kira ni ta ce, "Auta, tun ina 'yar shekara goma sha biyu ban taɓa shan azumi haka kawai ba. Bana na sha, ga shi jikina ya ƙi. Ba ka ganin ishara ce?"

Na ce mata malamai sun ce marar lafiya an ɗauke masa, kuma muna ciyarwa a madadinta. Ta ce to. Ashe "to" ɗin ta baki ce. Washegari Asabe ta kai mata abinci da ruwa, ta karɓa, ta tura ƙarƙashin gado.

Ranar ce, sha bakwai ga wata, Ya Falmata ta dawo. Na shigo da azahar ke nan ina jingine keke, ta sauko daga tasi da ƙullin kayanta. Ko zama ba ta yi ba, idonta ya sauka a kan kaskon yashi, wayam, ya bushe har kaji sun yi wanka a ciki.

"Afuno, ina randa?"

"Tana ciki, Ya Falmata. Zo ki ga yadda ta koma."

Wallahi da murmushi na faɗa. Ta shiga ɗakin da sallama, ina biye. Ta ga randar. Ta ɗora tafin hannunta a jiki, ta ɗaga ta duba tafin. A bushe. Ta ɗage faifai ta tsoma hannu, ta fizge shi.

"La ilaha illallahu. Wannan ruwan wankan jego ne!" Ta juyo kaina. "Kai, randa da gumi yake sanyi! Ruwa ya fito, iska ya sha, zafi ya tafi da shi. Kai in ka yi gumi iska ya buga ka, ba ka jin sanyi? Ka toshe masa jiki duka, ka kawo shi ɗakin kwano, ka ɓoye bayan ƙofa. Wa ya aike ka?"

Ba ta jira amsa ba, ta nufi gado. "Inna, wushe, sannu. Inna?" Inna ta buɗe ido da ƙyar, ta kira ta da sunan wata yayarta da ta rasu tun ina yaro. Numfashinta yana fita da sauri, da wani wari kamar na 'ya'yan itacen da suka fara lalacewa. Asabe ta leƙa ƙarƙashin gado ta jawo kwanon abinci da kofin ruwa, ba a taɓa su ba. Sai ta fashe da kuka.

Tasin da ya kawo Ya Falmata bai yi nisa ba, maƙwabta suka tsayar da shi. A asibiti aka ɗaura wa Inna ƙarin ruwa hannu biyu. Nas ɗin nan da ta koya mini allura ta ce in ba ta kwalbar da nake amfani da ita. Ta ɗaga ta a hasken taga, ta juya. Maganin ya yi gudaji-gudaji ya manne a jikin kwalba, kamar nonon da ya tsinke.

"A ina kuke ajiye shi?"

Na gaya mata. Duka na gaya mata, har furannin.

"Kwana goma sha biyu ruwa kake tsira wa uwarka," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce suna da wanda za su yi mata a nan na yau da gobe, amma irin nata na gida ya yanke, sai in nema a gari, kuma likita ba zai ce komai a kan Inna ba sai an ga yadda ta kwana.

Na fito na zauna a kan dakali. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, da kunya, da ƙin kaina. Ya Falmata ta fito ta tsaya a kaina. Na ɗauka faɗan za ta ci gaba. Sai ta ce, "Kuka ba ya kawo magani. Gobe da safe ka zo wurina kafin ka fita."

Da safe na tarar ta tanadi wani ɗan tulu mai faɗin baki, ta naɗe shi da tsohon buhun algarara, ta jiƙa sharkaf, ta ɗaure a bayan kekena da igiya. "In ka samu, ka sa a ciki. Duk inda ka ga mai moya ka tsaya ka jiƙa buhu. Kada ya bushe, ko kai za ka bushe."

Kantin magani tara na shiga a ranar. Wannan ya ce babu, wancan ya ce sai an kawo daga Kano, wani ya ce in gwada wajen tashar jirgin ƙasa. Kwalta ta yi laushi tana kama tayar keke. Iskar da ke bugun fuskata kamar daga bakin murhu take fitowa. Sai wajen ƙarfe ɗaya, a wani ɗan kanti can ƙarshen gari, wani mutumin kudu mai firjin kananzir ya buɗe ya ɗauko kwalba biyu. Da ya ga tulun da buhun sai ya gyaɗa kai ya ce, "Wanda ya haɗa maka wannan ya san abin da yake yi."

A hanyar dawowa sau biyar na tsaya. Sai in tare mai moya, in karɓi ruwa a gwangwaninsa, in tsiyaya a kan buhu a hankali, ina kallon yadda yake tsotsewa, harshena ya manne da dasashi, idona yana ganin duhu-duhu. Wani daga cikinsu ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne kake bukatar ruwan nan, ba buhu ba." Na ce masa na uwata ne. Bai fahimta ba, amma ya ƙara mini gwangwani guda ya ce sadaka. Kowace tsayawa sai na zura yatsa cikin tulun, in ji sanyi, in ce alhamdu lillahi, in hau.

Da na isa asibiti Inna ta farka. Ta gane ni. Abin da ta fara cewa shi ne, "Auta, ka yi baƙi."

Kwana shida ta yi aka sallame ta. Kafin ta dawo matan gidan sun gama shirinsu ba tare da sun nemi shawarata ba, kuma ban ga laifinsu ba. Sun sa an jera zana a kan kwanon ɗakin Inna an danne da duwatsu, don rana ta daina dukan ƙarfen kai tsaye. Sun rataya buhu a taga da ƙofa, suka raba wa kansu lokacin jiƙawa, wannan da hantsi, wannan da azahar, wannan da la'asar. In iska ta ratso ta cikin jiƙaƙƙen buhun sai ɗakin ya yi wani sanyi mai ƙamshin ƙasa. Sabuwar randa kuma tana gindin dogon yaro a kan yashinta, ta fi ta farko muni. Ya Falmata ta tara mutanen gida ta nuna ni da yatsa ta ce, "Wannan in ya zo kusa da buroshi, ku yi ihu."

Ana jibi Sallah na ɗauki koriyar randar zan kai ta bola. Inna ta ji motsina ta ce in ajiye.

"Inna, ita ce fa ta kusa kashe ki."

"Ajiye, na ce." Ta laluba ta shafa jikin randar. "Tun ranar da ka ɗora hannuna a kanta na ji a bushe take. Ni da na girma da randa, a ce ban san randa mai gumi ba? Na san ruwanta ba zai yi sanyi ba. Abin da ban sani ba shi ne maganin mutuwa yake yi, na ɗauka fi'ilin 'yan asibiti ne."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Kana ta murna, Auta. Kwana uku kana wahala a kanta da azumi a bakinka. Tunda idona ya tafi ba wanda ya yi mini wani abu don kyau kawai, sai don magani. In ce maka me?"

Na zauna a ƙasa a gabanta na yi kuka, da gemuna da komai. Ta bar ni na yi, tana shafa kaina. Randar kuwa ta zama ma'ajinta, a ciki take sa carbi da turare da goron baƙi.

Ruwan sama bai sauka ba sai bayan Sallah da fiye da wata guda. Ya zo da la'asar, da iska mai ƙarfi da ta kwashe rabin zanar da ke kan rufi, muka fito tsakar gida muka tsaya a cikinsa, har Inna, tana tara hannu. A makon ne Asabe ta haihu, mace. Kowa ya san sunan Inna zan sa. Ana gobe suna Inna ta kira ni ta ce, "Sunana ba inda za shi, ga jikoki a Kano suna ɗauke da shi. Wannan Falmata ce." Da aka raɗa sunan, Ya Falmata ta rufe fuska da mayafi, ta ce Afuno ya gama da ita. Ita ce ta yi wa jaririyar laƙabi da Yagana, don kada a riƙa kiran sunanta gatsau a gabanta.

Inna ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Kullum da safe, kafin in yi mata allura, sai ta lallaba zuwa gindin bishiya ta shafa randa, ta dawo ta goga mini jiƙaƙƙen tafinta a goshi, ta ce, "Tana gumi, Auta. Bismillah." Ya Falmata ta riga ta tafiya da shekara biyu. Allah ya jiƙansu, ya sanyaya makwancinsu kamar yadda suka sanyaya mana.

Duk wannan Yagana ta sha jin sa a bakin uwarta, amma ranar nan a Bulumkutu, tana kwance kusoshin akwatina ɗaya bayan ɗaya, sai da Asabe ta sake ba ta shi tun daga farko, har da kwaikwayon muryata: "Ke dai tsaya ki ga aiki." Yagana tana dariya har sukundireba yana faɗuwa daga hannunta. Ta cire katakon duka, ta hure ƙurar da ke tsakanin faifayen alminiyam, ta kunna. 'Yar fankar ta fara juyawa. Ta buɗe firji ta ɗauko kwalbata ta ɗaga a hasken taga, ta juya ta, ta daɗe tana dubawa, ni kuma ina duban fuskarta.

"Garau yake," ta ce. "Allah ya rufa asiri, firjin yana riƙe sanyi zuwa la'asar. Amma Baba, batir ɗin ya sha wuya, sai na canza shi jibi. Kafin nan ban yarda da firjin nan ba."

Ta fita, ba ta ce ga inda za ta ba. Can sai ga ta a Keke Napep, rungume da wata 'yar randa mai ƙonannen gefe da karkataccen baki.

"A ina kika samo wannan mummunar?" na ce.

"Sai da na lasa, Baba. Harshena ya manne."

Ta dasa ta a kan yashi a inuwar zaure, inda iska ke wucewa. Koriyar tana nan a ɗakina, furanninta bakwai ko ɗaya bai goge ba, carbin Inna yana ciki. A duk aikin da na yi a shekara arba'in ba wanda ya kai ta kyau.

Washegari da safe na fito da sirinji a hannu. Yagana ta kwana a gidan, ta riga ni zuwa zaure. Ta sunkuya ta shafa randar, ta miƙe, ta goga mini tafinta a goshi. A jiƙe yake, da sanyi.

"Tana gumi, Baba," ta ce. "Bismillah."